Malami da Addininsa: Darasi Daga Rayuwar Farfesa Ishaya Audu

Duk farkon zangon karatu, da zarar an liƙa jadawalin lakca a allon sanarwa, za ka ga ɗalibai sun yi cincirindo suna duba sunayen malamai. Tambayar farko a fili ake yin ta: "Yana ba da maki kuwa?" Ta biyu kuwa a kunne ake raɗa ta: "Namu ne ko nasu?" Kowa ya san abin da ake nufi. Haka nan idan sakamako ya fito mutum ya ga ya faɗi kwas, kafin ya tuna ranakun da ya sha barcinsa ana lakcar ƙarfe takwas, sai ya fara lissafin inda malamin yake zuwa ibada, masallaci ko coci.

'Yan uwana ɗalibai, wannan tambaya ta biyu ita nake so mu zauna mu duba. Shin me addinin malami yake yi a cikin aikinsa? Yana shiga har cikin jan biron da yake duba takardunmu da shi? In yana shiga, ta wace ƙofa ya kamata ya shiga? Maimakon in yi ta zuba ra'ayi, na zaɓi in kawo mana rayuwar malami guda wanda tarihinsa a bayyane yake: Farfesa Ishaya Shu'aibu Audu, Bahaushe, Kirista, likitan yara, kuma ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Daga Anchau zuwa Wusasa

An haifi Ishaya Audu a shekarar 1927 a Anchau, cikin ƙasar Zazzau. Mahaifinsa, Malam Bulus Audu, yana cikin Hausawan farko da suka karɓi addinin Kirista. Yaron ya yi karatunsa na farko a makarantar St. Bartholomew da ke Wusasa.

Wusasa tana bukatar ɗan bayani ga wanda bai san ta ba. A farkon ƙarnin da ya wuce, wani likita Bature mai suna Walter Miller, na ƙungiyar mishan ta CMS, ya zauna a cikin birnin Zariya yana ba da magani, yana koyar da yara, yana kuma fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, fassarar da aka buga cikakkiya a 1932. Wajen ƙarshen shekarun 1920 aka mayar da mishan ɗin bayan gari, wato Wusasa, inda aka gina coci da makaranta da asibiti. Ƙaramin wuri ne, amma abin da ya fitar ya fi girmansa. Daga cikin wannan al'umma aka samu Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda asibitin koyarwa na Barau Dikko a Kaduna yake ɗauke da sunansa. A can ne kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Abin lura a nan shi ne, Kiristocin Wusasa da Hausa suke sujada, da Hausa suke waƙoƙin coci, tuwonsu da tufarsu da gaisuwarsu duk irin na maƙwabtansu ne, kuma da yawansu suna da dangi Musulmi na jini. Mutumin da ya tashi a irin wannan wuri ba sai an koya masa zama da wanda addininsu ya bambanta ba, domin kawunsa ne, gwaggonsa ce.

Doguwar hanyar karatu

Daga Wusasa, Ishaya Audu ya tafi Legas, Babbar Kwalejin Yaba. Mu 'yan kwalejin kimiyya da fasaha ya kamata wannan suna ya ja hankalinmu, don a harabar wannan makaranta ce Kwalejin Fasaha ta Yaba ta tsiro, wadda ita ce yayar duk makarantu irin tamu a ƙasar nan. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, sai aka kwashe ɗaliban Yaba zuwa can. Daga Ibadan ya wuce Ingila, ya kammala karatun likita a King's College da ke Landan a 1954. Bayan haka ya ƙware a fannin cututtukan yara, ya yi ƙarin ilimi a Liverpool, ya yi aikin bincike a Jami'ar Rochester da ke Amurka, ya kuma koyar a makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Legas.

A tsakanin waɗannan shekaru ya yi aiki da gwamnatin Jihar Arewa, har ya zama likitan Firimiya, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Ku tsaya ku auna wannan. Sardauna jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, shi ne ya tsaya aka kafa Jama'atu Nasril Islam, babu mai shakkar kishin addininsa. Amma da maganar lafiyar jikinsa ta taso, ɗan Malam Bulus ya miƙa wa hannu ya duba. Likita shi ke ganin mutum a lokacin da ya fi rauni, shi ke riƙe sirrin da ko na kusa ba su sani ba. Ba a ba mutum wannan matsayi sai an gamsu da abu biyu: ya iya aikinsa, kuma yana da amana.

Yadda malami yake hawa matakala

Kafin mu kai ga shugabancinsa, bari in ɗan yi bayanin yadda aikin koyarwa a manyan makarantu yake tafiya, don da yawa daga cikinmu muna ganin malami kawai ya shigo aji ya fita, ba mu san abin da ke bayansa ba.

Aikin malamin babbar makaranta kamar murhu ne mai duwatsu uku. Na farko koyarwa: shirya lakca, shiga aji, tsara jarrabawa, duba takardu, da kula da furojet na masu kammalawa. Na biyu bincike: malami ya gano wani abu sabo a fanninsa, ya rubuta, ya aika wa mujallar masana, wasu ƙwararru su tantance kafin a buga. Na uku hidima: riƙe sashe, zama a kwamiti, kula da jarrabawa, da amfanar da al'ummar da ke kewaye da makaranta. In dutse ɗaya ya goce, tukunya ba ta zama.

A jami'a, mutum yana farawa daga mataimakin malami, ya bi matakan lakcara, ya zama babban lakcara, sannan mataimakin farfesa, sannan farfesa. Kafin a ba shi kujerar farfesa sai an tattara rubuce-rubucensa an aika wa wasu farfesoshi na wajen jami'arsa su auna. A makarantu irin tamu, waɗanda hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna take sa wa ido, matakalar tana farawa daga mataimakin lakcara, ta bi lakcara na uku, na biyu, na ɗaya, babban lakcara, firinsifal lakcara, ta ƙare a cif lakcara. Kowane mataki yana cin shekaru, yana kuma neman ƙarin takardar ilimi da ƙarin aikin da aka buga.

To ka ga, babu mataki ko ɗaya a nan da ake hawa da yawan zuwa coci ko yawan zama a sahun gaba. Mai tantance takardar bincike sau da yawa bai ma san sunan wanda ya rubuta ba, balle addininsa. Farfesa Audu ta wannan matakala ya hau, da jarrabawa da gadon marasa lafiya da bincike, kamar kowa. Wannan shi ne darasi na farko: addini ba ya maye gurbin ƙwarewa. Mai tsoron Allah da bai iya lissafin ƙarfen gini ba, gininsa zai rushe a kan mutane kamar na kowa.

Shekara tara a kan kujera mai zafi

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, da ɗalibai 'yan ɗaruruwa, ƙarƙashin shugabancin Norman Alexander, mutumin ƙasar New Zealand. A 1966 aka naɗa Ishaya Audu ya gaje shi, yana da shekara 39.

Duk wanda ya san tarihin ƙasar nan ya san 1966 ba shekarar daɗi ba ce. A ranar 15 ga Janairu aka kashe Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Aka yi tarzoma a garuruwan Arewa, aka sake juyin mulki a watan Yuli, aka zubar da jini mai yawa, ma'aikata da ɗalibai 'yan Gabas suka tattara suka koma gida. A 1967 yaƙin basasa ya ɓarke, bai ƙare ba sai Janairun 1970. A shekarar 1967 ɗin ce kuma aka raba Jihar Arewa gida shida, jami'ar da a da take da uba ɗaya ta wayi gari da iyaye shida. A cikin wannan guguwa aka damƙa wa matashin likita makaranta mai shekara huɗu da haihuwa.

Abin da ya biyo baya a rubuce yake. A zamaninsa aka buɗe tsangayar koyon aikin likita a 1967. A zamaninsa aka kafa makarantar share fagen shiga jami'a, wadda ta zama gada ga dubban yaran Arewa da makarantunsu na sakandare ba su da ajin da ke kai mutum jami'a kai tsaye. A 1970 aka kafa Gidan Arewa a Kaduna, a tsohon gidan Sardauna, ƙarƙashin jagorancin masanin tarihi Farfesa Abdullahi Smith, cibiyar da ta zama matattarar bincike kan tarihin Arewa da Daular Usmaniyya. Duk tsawon shugabancinsa, Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, inda ake koyar da Larabci da ilimin addinin Musulunci, reshen jami'arsa ce, kafin ta zama Jami'ar Bayero mai cin gashin kanta a 1977. A wannan zamani ne kuma matasan malamai masu zafin ra'ayi irin su Yusufu Bala Usman suka fara koyarwa a Samaru.

Ku dubi wannan hoto da kyau: Kirista a kan kujera, ƙarƙashinsa ana yaye malaman Larabci, ana horar da alƙalan kotunan shari'a a Kongo, ana tono tarihin jihadin Shehu, ga kuma masu ra'ayin gurguzu suna ta muhawara. Da ya sauka a 1975, ɗaliban jami'ar sun kai dubbai, kuma har yau babu shugaban ABU da ya kai shi daɗewa a kan kujerar. Hausawa sun ce juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta. Yawancin abin da ABU take taƙama da shi a yau, a waɗannan shekaru tara aka aza tubalinsa.

To, ina bangaskiyar ta shigo?

Wani zai ce, ai duk wannan aikin gudanarwa ne, ina ruwan addini a ciki? A nan ne nake so in yi bayanin yadda koyarwar Kirista take kallon aikin malami, don ɗalibi Musulmi ya san ma'aunin da malaminsa Kirista ya ɗora wa kansa, ɗalibi Kirista kuma ya tuna abin da ake karanta masa ranar Lahadi.

Abu na farko, a koyarwar Kirista sana'ar mutum kira ce daga Allah. Ba fasto kaɗai ke bauta ba. Likita a bakin gadon yaro mai zazzaɓi, malami a gaban allo, makaniki a ƙarƙashin mota, kowannensu ana ɗaukar aikinsa a matsayin hidimar da zai ba da lissafinta. Akwai misalin da Yesu Almasihu ya bayar na maigidan da ya rarraba wa bayinsa dukiya zai yi tafiya, da ya dawo ya yaba wa waɗanda suka juya nasu, ya hukunta wanda ya binne nasa. Malamin da ya shekara goma yana karanto tsohuwar takarda ɗaya bai ƙara komai ba, shi ne wanda ya binne nasa.

Abu na biyu, wasiƙar Yaƙub a Sabon Alkawari ta yi kashedi cewa masu koyarwa za a yi musu hukunci mafi tsanani, kuma ta hana nuna bambanci tsakanin mai hali da talaka a cikin taro. Kai wannan ofishin malami ka gani. Ga ɗan mai kuɗi, ga ɗan da sai an sayar da akuya aka biya masa kuɗin makaranta. Ga Maryamu, ga Maryam. Ma'auni ɗaya aka umarce shi ya yi musu.

Abu na uku, a labarin Basamariye mai tausayi, mutumin da ya tsaya ya ɗauki wanda 'yan fashi suka raunata ba ɗan ƙabilarsa ba ne, ba kuma wurin ibadarsu ɗaya ba. Ma'anar labarin ita ce maƙwabcinka shi ne duk wanda yake bukatarka. Likitan yara ba ya tambayar uwa addininta kafin ya sa wa jaririnta ƙarin ruwa.

Na tabbata 'yan uwa Musulmi da suka karanta wannan za su ce, ai wannan amana ce da adalci, mu ma da su aka san mu. Haka ne. Addinan biyu sun bambanta a manyan batutuwa na aƙida, kuma ba na cikin masu cewa a yi kamar babu bambancin. Amma a kan abin da ya shafi jan biro da takardar jarrabawa, magana ɗaya suke yi. Saboda haka malamin da ya ƙara wa ɗan cocinsu maki, ko ya rage wa wata don ta sa hijabi, ko ya danne wani don sunansa Bitrus, ko ya tilasta sayen handawut, ko ya nemi ɗaliba da lalata kafin ta ci kwas, kafin ya karya dokar makaranta ya riga ya ci amanar addinin da yake ikirari.

Akwai kuma masu ganin cewa zurfin kimiyya da riƙon addini ba sa zama inuwa ɗaya. 'Yan sashen lantarki su tambayi littattafansu. Michael Faraday, wanda ya gano a 1831 yadda motsin maganaɗisu ke haifar da lantarki, abin da duk janareta da taransifoma suka dogara a kai, dattijo ne a ƙaramar ikilisiyarsu a Landan. James Clerk Maxwell, wanda lissafinsa ke hana mu barci, ya koyar a King's College ɗin nan ta Landan daga 1860 zuwa 1865, kuma dattijon coci ne a ƙasarsu ta Sukotland. Ba su sassauta gwaji don addini ba, ba su kuma ajiye addini a ƙofar ɗakin gwaji ba.

Bayan saukarsa

Rayuwar Farfesa Audu ba ta tsaya a jami'a ba. A zaɓen 1979 ya tsaya mataimakin Dakta Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP. Ba su ci ba, amma da NPP ta ƙulla ƙawance da NPN, Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi ministan harkokin waje, ya riƙe har 1983. Nan ma ka ga wani Basakkwace Musulmi ya sake ba shi amana, wannan karon ta fuskar ƙasa a idon duniya. Da sojoji suka kifar da gwamnatin a ranar 31 ga Disamba 1983, yana cikin 'yan siyasar da aka tsare, daga baya aka sake shi.

Mutumin da ya shugabanci jami'a, ya zauna da shugabannin ƙasashe, yana iya tarewa a Legas ko Landan ya huta. Shi sai ya koma Samaru, unguwar da ke ƙofar jami'ar da ya gina, ya ci gaba da duba marasa lafiya a asibitinsa, ya kuma zama fasto a cocin da ya kafa. Ya rasu a watan Agusta na 2005 yana da shekara 78. A wurina wannan ƙarshe shi ya fassara farkon. Bangaskiyar da ta sa shi hawa mumbari da tsufansa, ita ce dai yake ɗauke da ita lokacin da yake sa hannu a kasafin kuɗin sashen Larabci. Bai ɓoye ta ba, bai kuma mayar da ita katanga ba.

Me ya rage mana?

Kada wani ya ɗauka wannan magana ta tarihi ce kawai. A watan Maris na 1987, saɓani tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya zama wutar da ta ci har Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona wuraren ibada, aka yi asarar rayuka. Daga harabar makaranta ta tashi, a hannun mutane masu shekaru irin namu. Raɗar "namu ne ko nasu" ƙaramar aba ce, amma da ƙyastu ɗaya ake cinna wa daji wuta.

Ga abin da nake ba mu shawara. Idan kana ganin an zalunce ka a maki, akwai hanya: ka rubuta ƙorafi ta hannun shugaban sashe, ka nemi a sake duba takardarka, ka sanar da wakilin ƙungiyar ɗalibai. Ka zo da hujja, lambar kwas da makin gwajinka, ka bar sunan addinin malamin a gefe. In zaluncin gaskiya ne, hujja za ta kama shi ko wane ne. In kuwa ba ka yi karatu ba ne, ka san inda gyara yake. 'Yan uwa mata da wani malami ya matsa wa, kada ku yi shiru don wai "ɗan uwanmu ne a addini, kada a tona masa asiri". Wanda ya yi haka ya riga ya fitar da kansa daga wannan alfarma.

Shugabannin MSS da na FCS, ku ma akwai naku. Lokacin zaɓen ƙungiyar ɗalibai, ku bar mu mu tambayi ɗan takara abin da zai yi kan ruwan hostal da wutar ɗakin karatu da kuɗin makaranta. Famfon da ya ƙafe bai san mai alwala ba, bai san mai shirin zuwa sujada ba.

Malamanmu kuma, da girmamawa nake cewa: mun ga motocinku a ƙofar masallaci ranar Juma'a, mun gan su a ƙofar coci ranar Lahadi, Allah ya karɓa. Amma wa'azin da ya fi shiga zuciyar ɗalibi shi ne wanda kuke yi ranar Litinin, in kun shigo aji a kan lokaci, kun koyar da abin da kuka sani tsakani da Allah, kun ba kowa makin guminsa.

Gobe mu ne a wurinsu. A cikinmu akwai waɗanda za su riƙe jan biro, akwai masu duba ingancin gini, akwai masu riƙe asusun ma'aikata. Ranar da takardar wani da ba addininku ɗaya ba ta zo gabanka, ka tuna an taɓa yin ɗan Wusasa da Sardauna ya yarda ya ba shi jikinsa, Arewa ta yarda ta ba shi 'ya'yanta shekara tara. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba mu malamai masu amana, ya sa mu ma mu zama irinsu.